Masu Gyara wa Kamfani Kuskure

Tun da kamfanin Hasbro na Amurka ya fitar da sojan roba G.I. Joe a 1964, Kenner kuma ya biyo baya da jaruman Star Wars a 1978, aka samu wata al'umma ta magidanta, wasu har da furfura, da suka yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: kamfani bai iya aiki ba. Hancin Batman ya yi tsawo, kafaɗar Hulk ta yi ƙanƙanta, rigar ba haka take a fim ba. Sai a sayo yumɓu da fenti, a kunna fitila, a raba dare ana gyara. Daga nan kuma kowa ya kama gabansa.

Akwai mahauci. Shi da ruwan zafi yake aiki: ya tsoma jarumi a kofi har robar ta yi laushi, ya fizge kai, ya ɓalle hannu. Yakan sayi 'yan tsanan Marvel Legends uku don ya haɗa guda, ya ɗauki ƙafar wannan da ƙirjin wancan. Abin da ya rage yana cikin wata durowa da ba ya son baƙo ya buɗe, domin kawuna ne zalla suna kallon sama. Ka ce ya zubar, ya ce ai wata rana za su yi amfani.

Mai gaggawa ya ji an ce yumɓun Sculpey ba ya ƙanƙarewa sai an gasa shi a zafin digiri 130. Bai tsaya ya ji ragowar maganar ba, cewa jikin jarumin ma roba ne. Ya sa shi ɗungurungum a tanderun girki, ya tafi kallon ƙwallo. Da ya dawo hular da ya ƙera ta yi kyau ƙwarai, sai dai mai hular ya durƙusa, ƙafafu sun lanƙwashe, fuska ta zazzago. Kwana biyu ana cin burodi mai warin taya a gidan.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne mai ƙarin nama. Ya gano Milliput da Apoxie Sculpt, irin yumɓun da ake murza kala biyu su zama ɗaya, su sandare da kansu cikin 'yan sa'o'i ba tare da wuta ba. Niyyarsa ta farko ya ɗan cike damtse. Da ya cike na dama sai na hagu ya zama kamar na mai jinya, ya ƙara masa. Yanzu wuya ya yi siriri. Ya ƙara. Kafin asuba yumɓu ya toshe gwiwa da gwiwar hannu, jarumin da kamfani ya kashe kuɗi ya yi wa gaɓoɓi masu motsi ya koma gunki, bai iya ko ɗaga hannu ya yi gaisuwa. Mai shi zai ce maka da gangan ya yi. Abin da bai faɗa ba shi ne ya kwana uku yana gugar abin da sanfefa, kuma zanen yatsansa na nan daram a bayan Superman.

Mai fenti kala biyu ne. Ɗaya ya shafa fentin mai a kan roba mai laushi, shekara ta zagayo abin yana danƙo, ƙura da gashin kyanwa sun yi masa riga. Ɗayan ya san aikinsa: fentin ruwa na Vallejo ko Citadel, a tsinka shi, a shafa siriri a bari ya bushe a sake. Komai na tafiya daidai har a zo kan ido. Nan hannu ke rawa, Spider-Man kaɗai ke tsira saboda fuskarsa a rufe take, sauran duk su fito da ido ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma.

Shi kuwa malam mai fatawa bai taɓa riƙe burushi ba. Aikinsa ya duba naka ya girgiza kai. Ka yi wa Wolverine riga ruwan ƙasa, ya tuna maka ba a sa masa ita ba sai 1980, kuma takalmin da ka haɗa da ita na tsohuwar rigar ne mai rawaya da shuɗi.

Dukansu suna da abokin gaba ɗaya, mai kwali, wanda ya saya ya ajiye bai taɓa yage leda ba. Idan ya ga mahauci da kofin ruwan zafi, hawan jininsa ke tashi. Hujjarsa kullum ita ce Boba Fett mai harba roka, wanda Kenner bai taɓa kai wa kasuwa ba, aka sayar da guda sama da dala miliyan 1 a 2024. Nasa dai ya saye shi ne bara a babban kanti, daga jerin dubbai irinsa, amma ya hana 'ya'yansa ko shiga ɗakin.