Iyayen Bakin Fili

A da, uba iri ɗaya ne ke zuwa filin ƙwallo a ƙasar Hausa, kuma ba kallo ke kawo shi ba. Da dorina yake zuwa, ya ratsa tsakiyar wasa, ya kamo kunnen ɗansa ya yi gida da shi, don tun la'asar aka aike shi kai niƙa. Ƙwallo a lokacin sana'ar marasa aikin yi ce. Sai gidajen kallo suka cika unguwanni, sannan a 2016 aka ji Leicester City ta sayi Ahmed Musa, yaron Jos da ya buga wa Kano Pillars, a kan fam miliyan 16 da ɗoriya. Magidanta suka ɗauko waya suka juya kuɗin zuwa naira, suka sake juyawa don a tabbatar, daga nan suka fara duban ƙafafun 'ya'yansu da mutunci. Yau ka je Murtala Square a Kaduna, ko filin wata firamare a Kano ko Jos da safiyar Asabar, za ka tarar wasa biyu ake yi: na yara a ciki, na iyaye a waje. Na wajen ya fi zafi, kuma ga 'yan wasansa.

Da-Ba-Don-Gwiwa-Ba

Shi ne dattijon bakin fili. A faɗarsa, zamanin da Tijjani Babangida da Garba Lawal ke tashe a Kaduna shi ma yana nan, ya ma fi su gudu, saura mako guda a kira shi sansanin 'yan wasan ƙasa gwiwa ta goce. Wace gwiwar? Wani lokaci ta dama, wani lokaci ta hagu, ya danganta da wadda ta fi kusa da hannunsa. Abokan ƙuruciyarsa, in ka matsa musu, za su ce lallai sun tuna shi, shi ne mai gadin takalma.

Ɗansa shekararsa tara, amma an ɗora masa bashin shekara talatin. Dole ya sa lamba goma. Yaron tsaron gida yake so, yana jin daɗin faɗawa cikin ƙura ya rungumo ƙwallo, amma uban ya riga ya yanke hukunci: "A gidanmu ba ma haihuwar gola." Duk ƙwallon da yaron ya ɓarar, uban ne ya ɓarar a 1989, shi ya sa fushin ya fi ƙarfin laifin.

Kociya Na Biyu

Bai taɓa horar da ko kaza ba, amma ya yi shekara goma sha biyar a benci na gaba a gidan kallo, kuma a ganinsa wannan ya fi takardar shaida. Yana bin layi da gudu, babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana ba da umarni huɗu cikin numfashi ɗaya: "Buga! Riƙe! Ba shi! Kai, wa ya ce ka ba shi?" So yake a yi masa irin wasan Guardiola a filin da rabinsa rairayi ne, rabinsa tsakuwa, ga tumaki suna ratsawa lokacin da suka ga dama.

Kociyan gaskiya ya ce wa yaro ya tsaya a baya, uba ya ce ya hau gaba, sai yaron ya zama kamar talabijin mai rimot biyu, ya tsaya a tsakiya yana ƙifta ido. Nan ne ɓarnar take. Ƙwallo wasan yanke shawara ne cikin daƙiƙa guda, kuma yaro ba ya koyon shawara sai ya yi ta kuskure da kansa. Wanda aka saba yi wa tsawa, da zarar ƙwallo ta zo ƙafarsa, bakin fili yake kallo maimakon raga. Ingila ta sha fama da wannan mutumin har hukumar ƙwallonta ta fito da shirin ladabtar da 'yan kallo a 2008, aka riƙa ja wa iyaye igiya nesa da layi. Da igiya ta kasa ɗaure baki, a 2022 aka ware ƙarshen mako na musamman da aka ce iyaye su yi tafi kawai. A nan gida da an gwada haka, da Kociya Na Biyu ya ƙirƙiro tafi mai nufin "koma baya".

Mai Ƙara Da Alƙali

Wannan bai ma cika kallon ɗansa ba, alƙalin wasa ya zo wa. Yana iya hango satar gida daga ƙarshen fili, rana na dukan idonsa, yana kuma amsa waya. Kalmarsa ɗaya ce: "An saye shi!" Alƙalin kuwa sau da yawa wani ɗan sakandare ne da aka roƙa ya taimaka, ladansa ruwan leda biyu da kuɗin mota. Da akwai mai sayensa, da ya sayi usur mai ƙara.

Abin dariya ne har ranar da ya daina zama na dariya. A 2000, a jihar Massachusetts ta Amurka, wani uba mai suna Thomas Junta ya lakaɗa wa wani uban da ke lura da atisayen ƙwallon gora na kan ƙanƙara duka har ya mutu, a gaban yara. Ƙorafinsa shi ne an bar yaran suna wasa da mugunta. Kotu ta ɗaure shi a 2002. Namu bai kai nan ba, amma aikinsa na tafiya a hankali: alƙalai masu haƙuri suna ajiye usur, yaro kuma yana tashi da imanin cewa ba a taɓa cin sa, sai dai a cuce shi.

Alhaji Mai Jesi

Ba ya ihu, ba ya buƙata. Shi ya sayi jesi, shi ya sayi ƙwallo, motarsa ke kai yara wasan waje. Saboda haka ɗansa ne kyaftin, shi ke buga fenariti, shi ke bugun kwana, kuma da zai yiwu shi zai ruga ya sa wa kwanar kai. Ba a canza shi ko da numfashi ya ƙare masa. Kociya, wanda ba shi da albashi sai abin da Allah ya hore, ya san cewa mai abu da abinsa, kura da kallabin kitse. In ya kuskura ya ajiye yaron a benci, da daddare waya za ta shigo: "Malam, lafiya dai ko? Ina ce ba mu yi maka wani laifi ba?"

Ɗan mai shayi, wanda ke yanke mutum uku ba takalmi, yana benci yana gadin ruwa. Ɗan Alhaji kuma ya fi kowa sanin gaskiya, domin yara ba sa ɓoye wa juna komai. A fili ana ba shi ƙwallo, a bayan fili ba a ba shi hira. Kada a ɗauka halin namu ne kaɗai. Bayan an fitar da Amurka daga gasar cin kofin duniya ta Ƙatar a 2022, iyayen Gio Reyna, waɗanda ba su ji daɗin ƙarancin sa ɗansu a wasa ba, sun kai wa hukumar ƙwallon Amurka wani tsohon laifi da kociya Gregg Berhalter ya aikata tun 1992, har sai da aka kafa bincike. Uban, Claudio Reyna, tsohon kyaftin ɗin ƙasar ne. Ɗan ya kai kofin duniya, iyayen ba su bar bakin fili ba.

Baba Akanta

A wurinsa yaro ba wasa yake yi ba, jari ne ke yawo da gajeren wando. Ya riga ya kasafta kuɗin da ba a samu ba: gida mai bene, gidan mai, kujerar Makka ga shi da uwargida, ta amarya kuma sai an sabunta kwantiragi. In yaro ya faɗi ya riƙe idon sawu, uban ne ke fara salati, kuma ba tausayi ne kaɗai ke sa shi ba.

Shi ne abincin ejan na bogi. Wani zai zo da kwat da katin waya na ƙasar waje, ya ce akwai gwaji a Turai, sai dai kuɗin biza da na jirgi. Baba ya sayar da fuloti. Bai san dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa kafin ya kai shekara 18 ba, sai a wasu keɓaɓɓun halaye, kuma saboda ita aka hukunta Barcelona kanta a 2014. In an yi sa'a ejan ya ɓace tun a Legas. In ba a yi ba, sai yaron ya sauka a wani birni, ba kulob, ba tikitin dawowa. Ko a Ingila mai filaye da kuɗi, ɗan jarida Michael Calvin ya ƙiyasta cewa cikin yara miliyan ɗaya da rabi da ke buga ƙwallo a tsare, 180 ne kacal ke kaiwa gasar Firimiya. Baba Akanta ya ji wannan lissafi, ya gyaɗa kai ya ce, "To, saura 179."

Mai Gyaran Shekaru

Ɗansa ya yi shekara huɗu yana da shekara goma sha uku. A takarda, ƙanensa ya riga ya wuce shi. Ranar wasa da asuba ake kai shi wurin wanzami a share gemu, a kuma ja masa kunne kada ya yi magana da ƙarfi saboda murya. Uban yana da takardun rantsuwar kotu kala-kala a aljihu, kowace gasa da tata.

Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, ba ƙasar da ta kai ta. Amma tun 2009 FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu, wanda ke nuna ko ƙashi ya gama haɗewa, kuma ƙashi ba ya zuwa kotu ya yi rantsuwa. A 2016 yara fiye da 20 suka faɗi wannan gwaji a sansanin ƙungiyar Nijeriya ta 'yan ƙasa da 17, Golden Eaglets, aka shiga wasa da ragowar, Nijar ta fitar da zakarun duniya tun a share fage, ta wuce har gasar duniya a Indiya a 2017. Wanda ya fi cutuwa shi ne mai shekara goma sha ukun gaskiya, da ake haɗa shi da magidanci, ya sha gula, ya koma gida da yaƙinin cewa bai iya ba.

Hajiya Mai Man Zafi

An fi ganin ta ranar gasar gidaje ta makaranta. A gida ko sunan ɗan fari ba ta faɗa saboda alkunya, amma da an hura usur duk unguwa za ta ji sunan har da na kakansa. Ta zo da kula: shinkafa da wake a hutun rabin lokaci, da kunun aya a kora, sannan ta yi mamakin yadda yaro ya kasa gudu bayan an dawo. In aka taɗe shi, kafin alƙali ya ɗaga hannu ta iso wurin, mayafi a ɗamare, man zafi a hannu, tana tambayar ɗan gidan wane ne wannan mara imani. Yaran biyu sun shirya kafin a tashi. Iyayensu mata kuwa sai an yi biki biyu ba su gaisa ba.

Mai Sharhin Bayan Wasa

Shiru yake yi har a tashi, har ka ce ga mutumin kirki. Jira yake a hau babur. Daga fili zuwa ƙofar gida zai maimaita wasan minti-minti, yaro a baya ba hanyar tsira, iska na kwashe rabin faɗan, ragowar a ƙarasa a kan tuwon dare. Ya fi sauran illa, domin su a fili suke ƙarewa, shi kuwa ya mai da gida ɗakin bincike. Andre Agassi, wanda ya ci manyan kofunan tanis takwas, ya bayyana a littafin tarihinsa na 2009 cewa ya tsani wasan, bayan ubansa ya ƙera masa injin harbo ƙwallo yana sa shi dukan 2,500 a rana tun yana ƙarami. Iyaye suna jin "kofuna takwas", sauran labarin ya wuce su. Dubban da aka yi wa irin wannan matsin ba su ci kofin ba, tsanar kawai suka samu, kuma ba wanda ya buga musu littafi.

Mai dorina na da ma bai yi ritaya ba, wurin 'ya'ya mata ya koma da aiki. Asisat Oshoala ta sha faɗin yadda iyayenta suka ƙi ƙwallonta da farko, kafin ta zama gwarzuwar Afirka sau shida.

Dukansu suna son 'ya'yansu, ba a musu. Matsalar ita ce kowannensu ya zo karɓar wani abu daga ƙafar yaro, wani ƙuruciyarsa da ta wuce, wani fansho, wani girma a majalisa, shi kuwa yaron ya zo ne ya yi gudu da abokansa. Norway ta rubuta haƙƙin yara a wasanni tun 1987: ba a jera teburin maki kafin shekara 11, ba gasar ƙasa kafin 13. Ƙasar ba ta kai mutum miliyan 6 ba, amma ita ta fitar da Erling Haaland da Martin Ødegaard.

Mu da ba mu da wannan doka, akwai magani mai araha. Kowace makarantar ƙwallo ta ware Asabar ɗaya a shekara, iyaye su sa gajeren wando su shiga fili na minti ashirin, yara su jeru a bakin layi da cikakken izinin ba da umarni. A ba Mai Ƙara Da Alƙali usur. A ajiye Alhaji a benci. A dawo da kowa gida a bayan babur ana yi masa sharhi. A kuma tanadi mai ɗori tun da wuri, domin a ranar ne gwiwar nan da ake ta ba mu labari za ta goce a gaban shaidu.