Mutum Biyar da Ba a Rasawa a Bakin Kwano

A Gure, cikin ƙasar Muniyo, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, har gobe kwano guda ake zagayewa. Bahaushe, Bamange, Bafillace da Batube duk sukan haɗu a kan tuwon hatsi da miyar kuka. Ƙa'idar kuwa kowa ya ji ta tun a makarantar allo, ita ce wadda Annabi (SAW) ya koya wa yaro Umar ɗan Abu Salama: a yi bismilla, a ci da dama, kowa ya ci gabansa. Ga waɗanda karatun bai zauna musu ba.

Na farko Mai Haƙa. In ka dube shi sai ka ce gabansa yake ci. Ashe yatsunsa rami suke yi ta ƙarƙashin malmala, a hankali, har tsokar da ke tsakiya ta gangaro wajensa. Sai ya ɗago kai ya ce, "Ikon Allah, rabo ke nan!" Alhali rabon nama aikin babba ne.

Na biyu Malam Na-Ƙoshi. An ce masa bismilla, ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu na tsame hannu a gida." Aka matsa, ya ce to, zai sa albarka kawai. Sai ga shi yana naɗe hannun riga, yana gyara zama. Shi ke suɗe kwano, ya kuma tambayi ƙanzo.

Na uku Sarkin Santi. Da miya ta ji daddawa da man shanu, bakinsa ya kuɓuce: "Maigida, wai uwargida ba ta da ƙanwa?" Wannan dariya ake yi masa, a yafe. Illarsa ɗaya, da loma a baki yake zuba, na kusa da shi yana shan yayyafi.

Na huɗu Mai Salula. Dama a miya, hagu a WhatsApp. Kira ya shigo, ya rikice, ya amsa da hannun miyar, ya sosa kunne, ya lashe yatsu biyar, ya mai da su cikin kwano. Daga nan kowa sai ya tuna ya ƙoshi.

Na biyar Mai Hanci. Bai taɓa zuwa gaisuwa ba sai an sauke tukunya. Ba a hana baƙo abinci, shi ma ya sani, shi ya sa yake tafe da abokai biyu.

A ƙasar da damina gajera ce, hatsi kuma da tsada, duk lomar da ta wuce kima ta wani ce, galibi ta yaron da ke jiran saura. Don haka dattijon kirki ke tsame hannu da wuri. Su kuwa waɗannan, faɗa ba ya gyara su. A zaunar da Mai Haƙa kusa da Malam Na-Ƙoshi, a ba su kwanonsu daban, su ƙarata.