Masu Kai Kansu Mahauta

Duk mai kallon tashoshin labarai na Ingila da Amurka ya saba ganin wannan abin mamaki: mutum ya san ɗan jaridar nan ba ya ƙaunar ra'ayinsa, ya ga yadda aka yi wa na gabansa tsirara, amma ya sa kwat ya tafi da ƙafarsa. Ruwa ba ya tsami banza. Masu wannan tafiya iri-iri ne, kuma kowa da abin da ya kai shi.

Na farko shi ne Gwanin Baki. Shi wannan ya saba kayar da ɗalibai a zauren jami'a, magoya baya suna tafi, har ya ɗauka duniya ba mai iya ja da shi. A 2019 Ben Shapiro, mai sharhin 'yan mazan jiya na Amurka, ya zauna da Andrew Neil na BBC. Da tambayoyi suka yi zafi, sai ya zargi Neil da zama ɗan ra'ayin gurguzu-gurguzu, alhali a Ingila kowa ya san mutumin a ɓangaren 'yan mazan jiya yake. Neil ya yi dariya, Shapiro ya katse hirar. Daga baya da kansa ya amsa cewa an kayar da shi. Gwanin Baki yana shirya amsoshi ɗari, ya manta da binciken wanda zai yi masa tambaya.

Na biyu Mai Wankin Kai. Ana zarginsa da wani abu, mashawarta sun ce ya yi shiru, shi kuwa ya tabbata da an ji muryarsa za a gane shi mutumin kirki ne. Sarkin wannan aji shi ne Andrew, ƙanin Sarki Charles. A Nuwamban 2019 ya gayyaci Emily Maitlis har Fadar Buckingham don ya bayyana alaƙarsa da Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da aka taɓa ɗaurewa kan lalata da yarinya ƙarama. Hujjojinsa? Wai a ranar da wata mata ta zarge shi da yin lalata da ita yana wani gidan cin abinci na Pizza Express a garin Woking, kuma wai a wancan lokacin jikinsa ba ya yin gumi. Kwana 4 da nuna hirar ya ajiye ayyukan sarauta. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Na uku Ɗan Kasuwa, wanda shi kam da lissafinsa ya zo. Zagi a wurinsa talla ne. A Janairun 2018 Cathy Newman ta tashar Channel 4 ta yi ta ƙoƙarin cusa wa Jordan Peterson, malamin jami'a ɗan Kanada, maganar da bai faɗa ba, shi kuma yana gyara mata cikin sanyi. Miliyoyin mutane suka kalla a YouTube, littafinsa da ya fito a watan ya shiga sahun masu kasuwa. Wani Ɗan Kasuwar ma ba ya jiran riba ta biyo baya: Richard Nixon, shekara 3 bayan badaƙalar Watergate ta kore shi daga mulki, sai da aka yi masa alkawarin dala 600,000 kafin ya zauna da David Frost a 1977. A nan ya saki baki cewa in shugaban ƙasa ne ya yi abu, to ba haramun ba ne. Mutunci ya ƙara zubewa, amma kuɗi sun shiga.

Na huɗu Mai Neman A Zalunce Shi. In aka yi masa hira cikin ladabi, ya yi asarar kuɗin mota. Burinsa a katse shi, ya yi ihu, ya koma wa mabiyansa da guntun bidiyo yana cewa ku duba yadda suke tsoron gaskiya. A 2013 Alex Jones, mai shirin rediyo a Amurka, ya je CNN wurin Piers Morgan kan dokar mallakar bindiga, ya cika ɗakin da hargowa, har yana kwaikwayon harshen Ingilishin mai masaukinsa. Ba amsa ko ɗaya, amma sunansa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba.

Na biyar Sarkin Zillewa. Ya zo ne don kada a ce ya gudu, kuma ya rantse ba zai amsa komai ba. A 1997 Jeremy Paxman ya maimaita wa Michael Howard, tsohon ministan cikin gida na Birtaniya, tambaya guda fiye da sau 10, Howard yana ta kewaye kamar bai ji ba. Har yau da wannan daren ake tuna shi.

Kada kuma mai karatu ya tausaya wa ɗan jarida. Shi ma so yake baƙo ya fusata, domin hirar da aka rabu lafiya ba mai tura ta ga abokinsa. Mai tambaya da mai amsa duk sun san abin da suke sayarwa, wato lokacin mai kallo. Saboda haka in ka ga ana tayar da jijiyar wuya a talabijin, kada ka tsaya ƙirga wanda ya yi nasara. Duba ko an amsa tambayar. In ba a amsa ba, su biyun sun ci riba, kai ne ka biya.