Jinjina ga Gwanin Kulle Shafi

Sannu da aiki, gwani, sannu da ƙoƙari! Duk ƙasar Haɗeja, daga Malam Madori har Guri, babu mai kyan ciniki kamarka. Wasu kifi suke sayarwa, wasu shinkafa, wasu tattasai. Kai kuwa kwaɗo kake sayar wa masu shafin intanet, kwaɗon da ka rantse zai hana kowa leƙa kod ɗin shafinsu, balle ya kwafa. Mai makarantar kuɗi ya saya, ƙungiyar manoman rani ta saya, saurayin da ke tallar bandar kifi ya gutsuri jarinsa ya saya. Allah ya ƙara kasuwa, ranka ya daɗe.

Dole a sara maka, domin ka yi abin da ya gagari Google da Facebook. Su, duk da tarin injiniyoyinsu, wanda ya buɗe shafinsu a kwamfuta ya danna Ctrl da U zai ga rubutun da aka gina shi da shi. Dalilinsu wai shafi ba ya bayyana a allo sai an aiko wa burauza kayan haɗinsa: HTML mai ɗauke da rubutu, CSS mai shirya launi da tsari, JavaScript mai sa maɓallai su motsa, da hotunan duka. Wai abin da ido ya gani ya riga ya sauka cikin na'urar mai kallo, shi ya sa ma datarsa take ƙarewa. Wannan maganar masu raunin zuciya ce. Kai ka gano yadda ake miƙa wa mutum abu a hannunsa kuma a hana shi taɓawa.

Dubi fasaharka ta farko. Mutum ya danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta, sai gargaɗi ya faɗo da jan rubutu: an haramta kwafa! Wa zai ga wannan bai razana ba? Ai ba laifinka ba ne idan wani yaro mara kunya ya danna F12, ko ya rubuta view-source: a gaban adireshin, ko ya kashe JavaScript gaba ɗaya, kwaɗon ya faɗi da kansa. Ta biyu ta fi burgewa: ka jera layuka barkatai babu rubutu a saman kod ɗin, don mai leƙe ya zaci fanko ne. Sai wanda Allah ya hore wa basirar gangarawa ƙasa ne zai gano. Ta uku kuwa sai gwanaye: ka cakuɗa kod ɗin, ka cire tazara, ka mayar da sunaye masu ma'ana haruffa birjik. Chrome na da ɗan maɓallin da ke sake jera shi layi-layi, amma wannan shisshigin Chrome ne. Kuma tunda dole burauza ta fahimce shi kafin ta yi aiki da shi, mai haƙuri ma zai warware shi; to masu haƙuri nawa ne a duniya?

Kada kuma a manta da waɗanda kwaɗonka ya kama da gaske. Ya kama uban da ke son kwafe lambar asusun makaranta ya biya kuɗin zango, sai da ya riƙa haddace lambobi goma yana kuskure. Ya kama mai sayen kifi daga Kano da ya so ɗaukar lambar waya. Ya kama ɗan ƙauyen da sabis ke zuwar masa yana ɗaukewa, ya zauna jiran shafin da ka ƙara wa nauyi. Ɓarawo kaɗai ya kuɓuta, shi ma don yana da manhajar da ke sauke shafi sukutum ba tare da ya taɓa linzami ba. Ɗaya cikin huɗu ai ba asara ba ce.

Babban abin yabonka shi ne kwanciyar hankalin da ka sa wa masu shafi. Tunda ka ce an kulle, sai aka zuba kalmar sirri cikin JavaScript, aka bar sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu inda kowa zai ɗauka. Mutanen Guri sun san aikin jinga, ambaliyar 2020 da ta 2022 sun ƙara koya musu. Sun san mai jibga buhunan ƙasa a kan tudu ya bar kafar da ruwa ke bi, gari yake shirin ci. Kai kuwa a kan tudun ka gina taka, har da fenti.

Kana da abokan tafiya har a Amurka. A watan Oktoba na 2021, Josh Renaud, ɗan jaridar St. Louis Post-Dispatch, ya leƙa kod ɗin wani shafin ma'aikatar ilimi ta jihar Missouri, ya tarar lambobin shaidar malamai fiye da 100,000 na cikin haɗari, an ɗan sauya musu kama kawai irin yadda kake yi. Jaridar ta sanar da ma'aikatar, ta jira aka gyara kafin ta buga labarin. Ladan da Gwamna Mike Parson ya ba Renaud shi ne kiransa ɗan kutse da barazanar gurfanarwa. A Fabrairun 2022 mai gabatar da ƙara ya ƙi shigar da ita. Da an bi koyarwarka, da an ɗaure mai gani an sallami mai sakaci.

Su Tim Berners-Lee, da suka ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar CERN, ne suka ɓata maka sana'a tun farko. A ranar 30 ga Afrilu 1993 cibiyar CERN ta saki fasahar yanar gizo kyauta ga duniya, kuma da leƙa kod ɗin juna masu gina shafuka da yawa suka koyi aikin. Ɗalibin kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja yana iya koya ta wannan hanyar a yau. Kashifu Inuwa Abdullahi, da aka naɗa shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA a 2019, ɗan ƙasar Haɗeja ne, kuma yaran da ke tasowa sun ga hakan. Madalla da kai da ke koya musu cewa leƙe sata ne, don kada su taso su gane hajarka.

To, gwani, yabo ya isa haka. Kuɗin da kake karɓa gumin mutane ne, na masu kwana a fadama suna ban ruwa da masu tsayawa gaban hayaƙi suna banda. Mai shafi ya cancanci a gaya masa gaskiya. Abin da aka aika wa burauza ba ya ɓoyuwa. Abin da ke ɓoyuwa shi ne wanda aka bari a saba, kwamfutar da ke riƙe da shafin: kod irin na PHP, rumbun bayanai, da kalmomin sirri. Can ake sa tsaro, a sabunta manhaja, a ajiye kwafi a wani wuri. Idan an sace masa rubutu ko zane, akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, kuma ta haɗa da manhajojin kwamfuta. Idan kuma bayanan mutane suka zube daga shafinsa, dokar kare bayanai ta Yunin 2023 shi za ta tambaya.

Ka san duk wannan, ko kuma ya kamata ka sani kafin ka karɓi sisin kowa. Idan ba ka sani ba, koma ka koya. Idan ka sani, mayar wa mutane kuɗinsu.