Jirgin da Ya Fi Ido Sauri

A madadin mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ba su aike ni ba, ina miƙa godiya ga shugabanninmu kan jirgin ƙasa na cikin birnin Kano. A 2016 ne gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin ƙasar Sin a kan dala biliyan 1.85, don shimfiɗa dogo mai tsawon kilomita 74 a cikin birni. An ce mana jirgi ne mai sauri, kuma ba a yi mana ƙarya ba, domin shekara da shekaru ba a sami idon da ya iya ganin giftawarsa ba. Bai taɓa makara ba. Bai taɓa take akuyar kowa ba. Babu fasinjan da ya taɓa kukan an cuce shi a kuɗin tikiti. A nuna mini jirgi ɗaya a Ingila ko Jamus mai tarihi tsaf irin wannan.

Masu neman magana sun ɗauki alƙalami sun raba kuɗin, suka ce kowace kilomita ɗaya ta tashi kusan dala miliyan 25, wai rijiyoyin burtsatse nawa ke nan. Ka ji tunanin ƙauye! Wa ya taɓa ganin an gayyato jakadan wata ƙasa don yanke ƙyallen rijiya? A 2020 ma, da aka tashi ciwo bashin Yuro miliyan 684 daga wani bankin ƙasar Sin don soma aikin, sai ga dattawan Kano, marigayi Bashir Tofa na gaba, suna cewa a dakata, jikoki ne za su biya. Allah Ya jiƙan Alhaji Bashir, amma a nan bai hango alherin ba. Ai ta wannan bashin kaɗai ne jikan manomin Riruwai zai sami rabonsa a jirgin. Ba zai hau ba, gaskiya ne, amma idan an zo biya ba za a ware shi ba, kuma ban san wani rabo da gwamnati ta taɓa yi daidai wa daida kamar wannan ba.

Kafin jirgin ya rage gudu mu gan shi, an rarrashe mu da gadoji. Rabi'u Musa Kwankwaso ya ɗaga ta Ƙofar Nassarawa, Ganduje ya zo da ta Dangi da ta Hotoro, Abba Kabir Yusuf ya kama Tal'udu da Ɗan Agundi. Mutanen da ba sa ga-maciji a siyasa, ga shi siminti ya haɗa kansu. Amfanin gadojin nan kuwa mu na kudancin Kano muka fi kowa saninsa. Ɗauki mace mai naƙuda a wani ƙauye bayan Tudun Wada, cikin watan Agusta. Ungozoma ta yi iya yinta ta gaza. A sa ta a amalanke zuwa bakin rafi, a tsallaka da ita a kafaɗa saboda kwalbatin ya karye tun damina biyu da suka wuce, a ɗora ta a acaɓa zuwa titi. A asibitin kusa a ce likita ba ya nan, jini ma babu, sai birni. A sami mota, a sha mai, a miƙa ta Kwanar Dangora a hau titin Zariya. To, a nan ne za ka ga aikin gwamnati: da isarta Dangi, maimakon ta tsaya a gosulo, sai mota ta bi da ita shuuu, ta haye Ƙofar Nassarawa, sai asibitin Murtala. An rage mata minti biyar cur a tafiyar da ta soma tun asuba. Da an ɓarnatar da kuɗin wajen ajiye likita kusa da garinsu, da baiwar Allah ta haihu lafiya ta koma ɗakinta ba ta taɓa ganin birni daga sama ba.

Kada kuma a ce ba a tuna da mu a rabon titi. Kwankwaso ya yanka wa kowace ƙaramar hukuma kilomita biyar, aka soma, aka bari, aka dawo. Kilomita biyar ai ta ishi ɗan ƙauye. Ina za shi? Shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa kuwa sun san hanyarsu. A-kori-kura ta kafe a laka, majiya ƙarfi su tura, ɗan kamasho ya zaftare farashi saboda wahalar hanya, buhu dai ya isa kasuwar Dawanau. Sufuri mai sauri ma muna da namu, kuma bai ci wa baitulmali ko sisi ba. Duk wanda ya taɓa ratsa dajin Falgore bayan magariba ya san babu direban da ake roƙo ya taka mota. Tsoron 'yan fashi ya yi mana abin da injiniyoyin Sin suka nemi biliyoyi a kai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ba mu damar yi wa birni hidima. Madatsar Tiga a ƙasar Bebeji take, aikin zamanin Gwamna Audu Baƙo, an kammala ta a 1974. Ruwanta ya bi Kogin Kano ya shayar da Kadawa da Kura, ya gangara Tamburawa a tace shi a tura famfunan birni. Da aka kafa injin lantarki mai megawat 10 a jikinta, an faɗa a fili inda wutar za ta: matatar ruwan Tamburawa da fitilun titunan birni. Madalla. Yarinyar da ke jan guga a ƙauyen da ke hangen madatsar, ta kwana da fitilar cocila, ya kamata ta yi alfahari cewa ruwan garinsu aka ware don haska gadar sama. Ba kowa Allah ke ba wannan ladan ba.

Mu fa ba baƙin dogo ba ne. Layin da Turawa suka kai Kano a 1911 ta Dangora ya bi. Ba don son mu suka yi ba, gyaɗa da auduga suke hari, shi ya sa cikin rashin wayewa suka bi inda kaya suke. Namu shugabannin sun fi su basira, sun gane dogo na inda kyamara take ne.

Sai batun makarantu, da ake ta yi mana gori da shi. A 2024 Gwamna Abba ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya faɗa da bakinsa cewa miliyoyin yara a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Ni horo na gani. Yaron da ya shekara shida a kan dandaɓaryar ƙasa ba zai tayar wa kowa da hankali ba ranar da ya shiga tarago ya tarar kujeru sun cika.

Saboda haka nake jan kunnen 'yan uwana masu fafutukar a ba mu Jihar Tiga. Ku yi hattara! Idan muka ɓalle, wa zai bar mu mu sa hannu a biyan bashin jirgi?

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe gwamna. Ranar da za a buɗe tashar farko, a aiko mana da motoci kamar yadda ake yi lokacin kamfe, a kwaso mu mu zo mu yi tafi. Hannuwanmu sun sha fartanya, tafinmu na da ƙara. Sai dai a daure a sa bikin da rani. Da damina motar ba za ta iso ba.