Akwati ɗaya, kilo 23

Malami a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ya samu gurbin digiri na uku a Ingila, sai gida ya rikiɗe ya koma ofishin akanta. Maigida ya jera nasa lissafin a takarda: biza, tikitin jirgi, gwajin tarin fuka, da kuɗin lafiya fam 776 duk shekara a kan kowane kai, har jaririn da bai fitar da haƙori ba. Tun da aka saki naira a 2023, jimlar nan ko cikin dare ƙiba take yi.

Uwargida kuwa da kilo take lissafi. Akwati ba ya wuce 23, ga daddawa, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga turmin da ta rantse ba za ta bari ba, don wai yajin inji ba ya ƙamshi. Kilishin da surukai suka yi dawainiya a kai, Ingila ba ta yarda a shigo da nama ba, sai dai a fara cinsa a hanya tun daga Kwangila.

Ragowar kaya sai kasuwar Sabon Gari, inda dillali ya san mai gaggawa daga tafiyarsa, ya taya firji kuɗin buhun masara. Kafin a daidaita, ƙani ya iso: "Yaya, janareton nan ai can ba a ɗauke wuta ko?"

Mai shirin tafiya, ka sa kuɗin sallamar dangi a layin farko. Shi ne ba a yi wa ragi.