Ƙa'idojin Tafiyar Ba-zata ga Ma'auratan Dogarawa

Tafiyar ba-zata ita ce miji da mata su wayi gari su kama hanya ba shiri, duk inda rana ta faɗi nan ne masauki. A Dogarawa, cikin gundumar Malbaza ta jihar Tawa, irin wannan tafiya tana cin shirin mako biyu.

Shirin yana farawa da sallama, domin mutumin kirki ba ya sulalewa daga gari. Sai an gaya wa iyayen miji da na mata, da maƙwabta, da liman, a kuma roƙi kowa kada ya gaya wa kowa. Kafin la'asar labari ya game gari. Washegari saƙo ya fara shigowa. Gwaggo tana da ƙullin kuka da daddawa da za a kai wa ɗiyarta mai aure a Konni, maƙwabci yana da wayar da za a kai gyara, ga kuma yaron da za a miƙa wa malaminsa "tunda kan hanyarku ne", alhali ma'auratan ba su san hanyar tasu ba tukuna. Saboda haka tafiyar mutum biyu, in an taƙaita, takan ƙunshi mutum huɗu da kaza.

Zaɓen hanya ba shi da wuya. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ita ta ratsa yankin. Yamma akwai Malbaza da Tsarnawa da Birnin Konni, gabas akwai Galmi da Madawa. Miji da mata za su yi shawara cikin natsuwa su tsai da magana, sannan su shiga motar da ta fara tsayawa. Idan a tasha ne, karen mota zai tabbatar musu saura mutum ɗaya a tashi. Wannan mutum ɗaya sananne ne a duk tashoshin ƙasar Hausa, sai dai har yau ba a samu wanda ya ga fuskarsa ba.

A cikin mota miji gaba yake zama, shi da wani fasinja a kujera ɗaya, gwiwarsa na gogar giya. Matar tana can baya tsakanin wata tsohuwa da buhun gero. Hira tsakanin ma'auratan tana bi ta hannun fasinjoji ne. "A ce wa Malam, ya rufe ɗakin awaki kuwa?" Saƙon zai bi kujera-kujera ya isa gaba, amsa ta komo: "Ya ce ke ya bar wa." Kafin a yi nisa duk motar ta shiga maganar, tsohuwa ta goyi bayan matar, direba ya kawo labarin wani ƙanensa da aka yi wa satar akuya.

A Malbaza akwai masana'antar siminti tun shekarun 1960, kuma wajibi ne miji ya yi bayaninta. Duk magidancin da ya hango ta yakan zama injiniya na ɗan lokaci, ya nuna da yatsa, ya faɗi yadda ake ƙona dutse, ya ƙare da fasalin benen da zai gina. A nan ƙa'ida ita ce matar ta ɗaga murya daga baya ta ce, "Allah ya nuna mana, Malam. Katangar bayan gida dai tun damanar bara take kwance." Ba a mayar da wannan saƙo, shiru ake yi har Tsarnawa.

Waɗanda mota ta yi gabas da su Galmi za su faɗa, garin jar albasar da ake lodawa a manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa. Ma'aurata za su sayi buhu. Suna da albasa a gida, mai yiwuwa ma su suka noma ta, amma an ce ta yi araha, kuma araha ba ta son a wuce ta. Buhun zai biya kuɗin mota, ya samu wurin da ya fi na maigida faɗi.

Babban abin mamakin wannan yanki yana tashar Konni. Illela biyu ce. Ɗaya tana ƙetaren iyaka, cikin jihar Sakkwato ta Najeriya, ɗan taƙi kaɗan kudu da Konni, inda kasuwa ke ci ranar Lahadi. Ɗayar kuma ta Nijar ce, can arewa, sai an bi hanyar Tawa an ratse a Badagishiri. Matar tana son ta farko saboda atamfa da kwanuka. Tambaya ɗaya ta isa a rarrabe, amma magidanci ba ya tambayar hanya a gaban iyalinsa. Ya ji an ce Illela, ya biya, sun shiga. Bayan tafiya mai tsawo ba duwan ba ƴan canji, sai saƙo ya taso daga baya: "A tambayi Malam, Najeriyar ƙaura ta yi?" Amsar da aka yarda da ita ita ce, "Ai sabuwar hanya ce."

Hukumomi sun taɓa sauƙaƙa wannan matsala. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma sake rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A waɗannan lokuta Illela ɗaya ce a hukumance. Ƴan kabu-kabu ne kawai labarin rufewar bai kai gare su ba.

Wanda ya dace da Illelar kudu kuwa lissafi ke jiransa. A gida da dala ake ƙirga, dala ɗari biyu jika guda ta sefa, can kuma naira ake so. Miji zai tsaya gaban ɗan canji yana motsa leɓe da yatsu, ya fito da amsa uku mabambanta. Matar, wadda ba a tambaya ba, ta gama lissafin tun daga bakin kasuwa. Kuɗin komawa gida ma a haɓar zaninta suke, ta ware su tun daren jiya, domin ta san da wanda ta taso.

Bayan an dawo, tafiya ɗaya takan haifi labari biyu. A majalisar ƙofar gida miji zai ce dama ya daɗe yana son ganin ƙasar Adar, inda Illelar arewa take, kuma ya gani. A gidan suna matar za ta ba da nata, da sunan kowane gari da kuɗin da aka kashe a cikinsa. Idan labaran suka yi karo har magana ta kai ga manya, sukan saurari kowa, su yi nasiha a kan haƙuri, sannan su yanke hukunci cewa laifin direba ne, tunda ba ɗan gari ba ne kuma ba ya nan.